Daga aikatau a Sakkwato zuwa shagala a Jidda

Mu da ke zaune a Jidda muna ganin ƙarshen tafiyar da aka ƙulla a zaurukan Sakkwato, ta matan da ake kawowa shagala, wato aikatau a gidajen Saudiyya. A gida, in aka ce safarar mutane, sai hankali ya tafi ga 'yan matan Edo da ake kaiwa Italiya. Namu ba a rantsar da su a gidan tsafi, shi ya sa ba a ɗauke shi laifi ba. Amma tarkon ɗaya ne: bashi da fasfo.

Dillaliya ta fi neman bazawara mai 'ya'ya ko yarinyar da karatu ya tsinke mata. Ita za ta biya kuɗin fasfo, biza da jirgi, ba a rubuta ko sisi ba. Da an sauka sai a karɓe fasfon "don ajiya", alhali dokar Saudiyya ta hana haka. In bizar Umara ce, ba ta ba da izinin aiki, kuma ranar da ta ƙare mace ta zama marar igama, wato takardar izinin zama. Ba za ta kai ƙara ba, don ita za a fara kamawa a kai tarhil, inda ake tsare baƙi kafin a mayar da su ƙasarsu. Albashi kuwa hannun dillaliya yake shiga, bashin yana ƙaruwa da kuɗin abinci da makwanci. Wadda ta zo da bizar aiki ma tana ƙarƙashin kafili, wato ubangidan da bizarta ke ɗaure da sunansa. In ta gudu ya rubuta mata hurub, wato ya kai rahoton ta tsere, shi ke nan. Gyaran da aka yi wa wannan tsarin na kafili, wato kafala, a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba.

Ta ƙasa abin ya fi muni: Illela, Ƙwanni, Tawa, Agadas, sai Sabha a Libiya, inda ake tsare mutum a buga wa danginsa waya su aiko kuɗin fansa.

A ganina asalin ciwon yana gida. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye don aikatau, kuɗinta na wata na zuwa wurin wadda ta kawo ta, da me ta bambanta da shagalar Jidda? Dokar NAPTIP (hukumar yaƙi da safarar mutane) ta 2015 ta haramta sa yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida, amma wa ke kallon haka laifi a unguwa?

Kafin a sallami 'yar uwa, a ga irin bizar, a ga kwantiragi a rubuce da sunan kafili da albashi, a ajiye hoton fasfo a gida. In dillaliya ta ce "haba Alhaji, ai amana ce", a je ofishin NAPTIP na Sakkwato a tambaya tukuna.