Masu Sayar da Shakazoba, Ku Ji Tsoron Allah

Wallahi abin ya ishe mu. Duk mai tsohuwar Land Rover da ke hawa dutsen Mambila daga Mayo Selbe zuwa Nguroje da Gembu ya san samun shakazoba ta kirki ya zama azaba. Tsada tana cin mu, amma ba ita ta fi ƙona rai ba. Ka shiga shago ka ce ta baya kake nema, ta doguwar Land Rover samfurin Series III, sai yaron shago ya zaro wadda ta fi kusa da hannunsa ya ce, "Oga, ai duk ɗaya ne, za ta shiga."

Ba ɗaya ba ne! Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, a kan sifirin mai falle-falle take zaune, Defender kuwa, samfurin Land Rover na baya-bayan nan, nata mai murɗi ne. Shakazobar gaban Series ido gare ta sama da ƙasa, wato zoben da ake maƙala ta da shi, ta gaban Defender kuwa noti ake ɗaure ta da shi ta kowane ɓangare. Ko a cikin Series ɗin, ta bayan gajera mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya daban, ta doguwa mai inci 109 daban. Mutum yana cin abinci da wannan sana'a amma bai san wannan ba? Ko ya sani, kuɗin kawai yake so?

Kuma shiga ba ita ce magana ba, tsawo ne. In ta gaza, da taya ta faɗa rami sai nauyin ƙafar motar gaba ɗaya ya rataya a kanta, idon ya tsinke ko mazauninta ya ɓalle daga jikin casis, wato ƙarfen da motar ke zaune a kai. In ta yi tsawo, ka yi lodin masara ka daki tudu, za ta ƙure kafin robar tsaro da ke hana ƙafar motar bugun casis ta tare, sandar ta lanƙwashe, cikinta ya fashe. Awo biyu ne kacal, a matse da a miƙe, amma ka ce a kawo tef sai a haɗe rai kamar ka zagi uban wani.

Sai kuma ta cikin kwali mai sheƙi da aka rantse mini sabuwa ce. Da muka duba, fentin har kan robar ido ya hau, muka leƙa ƙarƙashin murfi, sandar duk tsatsa ta ci ta. Gwanjo ce aka wanke aka fesa. Irin wannan kafin a jima za ka ga mai ya jiƙe jikinta, jar ƙura ta manne. Na mayar, aka nuna mini rasit wai kaya in sun fita ba sa dawowa. Ba ma ƙin gwanjo, talaka da ita yake rufa asiri. A ce mana gwanjo ce, a sayar a kuɗin gwanjo!

Ƙaryar da ta fi ba ni haushi ita ce, "Alhaji, ɗauki mai gas, za ta ɗaga maka motar." Shakazoba ba ta ɗaukar kaya, aikin sifirin ne, ita rawar sifirin take kashewa. Motar da ta zauna sifirinta ne ya gaji. Amfanin gas shi ne ya hana man ciki yin kumfa idan ya yi zafi a kan gargada, shi ke nan. Ka sa wadda aka yi wa mota mai nauyi a kan sifirin da dama can yana da tauri, duk bugun hanya a casis mai shekara arba'in zai ƙare.

Kanikawa, ku ma da naku. A canja guda a bar 'yar'uwarta matacciya, a ɗaure noti tamau mota tana kan jak har robar ta murɗe ta yage, in bai yi daidai ba a kira mai walda.

Motocin nan fa ba na ado ba ne. Ranar kasuwa mata da goyo ne a ciki, samari a kan rufi. Tayar da ke tsalle a kwanar gangara ba ta riƙe ƙasa, birki kuma ba ya kama iska. Shugabannin 'yan kayan gyara su tilasta wa kowane shago ya ajiye tef, ya bar mu mu gwada da tsohuwar a gabansa, ya kuma rubuta a rasit ko sabuwa ce ko gwanjo.