Kwalbar gyaɗa ce wallahi

Tunda labarin ya riga ya kai fada kuma kowa na ƙara mashi gishiri yadda ya ga dama, bari ku ji shi daga bakina, mai dariya ya yi, dama kun saba.

Bidiyo ne na gani a Facebook daren alhamis, wani bature mai gemu shina haɗa abin sha. Ya sa na'a-na'a cikin kofi ya ɗan dandanna ta, ya matsa lemun tsami, ya zuba ruwan sukari da ƴaƴan itace da ƙanƙara, daga ƙarshe ya tsiyaya wiski bisa. Koktel wai. Ni kun san ban sha, ban taɓa sha ba, amma da zahin Afrilu na Yamai da ke kai 43 da rana in ka ga ƙanƙara cikin kofi ko a waya ne hankalinka barin jikinka yake. Na ce to mi ne wiski in ba kala ba, in dafa Lipton mai kauri in sa madadinshi, kalarsu guda. Juma'a ana saukowa masallaci na biya kasuwar Wadata, na'a-na'a ta dala ashirin, ɗoɗɗoya, citta, kanumfari, lemun tsami, mangwaron Gaya, da abarba guda, wadda tun da anka ruhe iyakar Benin a 2023 sai ka yi shawara da aljihunka kahin ka taɓa ta.

Na dafa sukari kofi guda da ruwa kofi guda har ya narke. Baturen ya ce kada a dake ganyen da ƙarhi, ɗaci yake hiddawa, to na bi shi a hankali da gindin ludayi, dama Madam ta hana ni turminta. Na tace, na haɗa da shayin, na ɗanɗana. Jama'a abin ya yi daɗi, wanga kam ko gaban alƙali zan maimaita, lemu hari ɗin da kuke saye bakin titi bai kama ƙafarshi ba. Ɓawon abarbar kuma na ga da kuɗina na saye shi, sai na yayyanka shi ƙanana na tura ciki ɗanye don ƙamshi.

Sai mazubi. Robobin Madam duk na sana'arta ne, ba a taɓawa. Na duba na ga kwalbar gyaɗarmu da ta ƙare. Wa ke Yamai bai san a kwalbar wiski ake saida soyayyar gyaɗa ba? Ko'ina bakin hanya ga su jere, alhazai na saye, malamai na saye, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Mai kusurwa huɗun nan ce, mai hoton mutum da doguwar hula da sanda shina tahiya. Na wanke ta, na ɗura, na murɗe marhin tam, na sa firigo da niyyar asabar da dare in kai maku fada in ga yadda bakinku zai mutu. Takardar jikin kwalbar ko kallonta ban yi ba.

Asabar suna a Talaje, lahadi gajiyar suna, na manta sarai. Ashe tun daren juma'ar Madam ta hidda kwalbar don ta samu wurin ledojin ƙanƙararta da bisap, ga kuran na zuwa na tahiya, ta kai ta mangaza ƙarƙashin kwano inda ko ƙadangare bai zama da rana. Ba ta gaya mani ba. Har yau cewa take ta gaya mani.

Litinin Baba Alhaji ya iso daga Tawa, ganin likitan ido. Wanda ya san surukina ya san ba mutum ba ne mai yawan magana, shekara takwas ina auren ɗiyarshi ban taɓa ganin haƙorinshi na sama ba. Anka shimfiɗa mashi darduma ƙarƙashin rumfa bayan la'asar, farar shadda sabuwa dal sai ƙyalli take, na tuɓe takalmi na durƙusa can gefe, Baba an zo lahiya, ya hanya, ya mutanen gida, ya zahi. Lahiya lau, madalla. Muna cikin haka sai ga sallama.

Maƙwabcina. Kun san wanda nike nuhi, mai tsanina.

Bawan Allahn nan hancinshi na jin baƙo kamar yadda ƙuda ke jin mangwaro. Ba a taɓa sauke tukunya gidana da baƙo ba bai yi sallama ba, kuma kullum da dalili, wai ya zo tambaya ko kuran ɗinmu ma ya tahi, alhali waya guda ta raba mu. Ya yi shekaru shina jan babbar mota tsakanin Kwatano da Yamai, to shi ke nan, ba abin da bai sani ba a duniya, in ka ce ciwon kai shi likita ne, in ka ce ruwa zai zo shi ne mai duba sama. Tsanina ya ara tun kahin azumin bara wai zai gyara eriya, kwana biyu. Ina ganin tsanin nan kullum jingine da katangarshi, har shanya matarshi ke yi bisa. Ran da na yi ƙarhin hali na tambaya sai ya ce ai tsanin ya yi mashi gajarta, kamar ni ne na yi mashi laihi. Na dala ɗari biyar da ya amsa ranar sallah ba na ma maganarsu.

To shi ne ya zo ya zauna, ba gefe ba, bisa dardumar Alhaji, gwiwa da gwiwa, shina ba shi labarin likitocin ido.

Ni kuma shaiɗan ya raɗa mani in burge suruki. Na yahito ɗiyata, mai shekara shidda, na ce mata a kunne je ki ce ma Mamanki ta juye abin nan nawa na firigo cikin kwanon sha ta sa ƙanƙara ta kawo ma Baba. Magana ta hi ƙarhin kan yarinya, abin nan kawai ta riƙe. Can sai ga ta tana tahe, rungume da kwalba a ƙirji kamar jinjiri, ta ratsa tsakar gida, ta zo ta dire ta gaban kakanta, takardar na kallonshi, mai doguwar hula na kallonshi, ta buɗe baki da muryar nan tata da ake ji har bakin titi ta ce

"Baba ga kwalbarka da Mama ta ɓoye, ta ce kada kowa ya taɓa, taka ce."

Casbin Alhaji ya tsaya. Ina kallon yatsanshi, ya tsaya bisa ƙwaya guda bai wuce ba. Bai dube ni ba, kwalbar yake dubi, ruwan ciki ja-ja-ja garai-garai sak abin da kuke tunani, Lipton ya yi aikinshi har ya wuce gona da iri. Ya ce ikon Allah. Shi ke nan abin da ya ce.

Na ce Baba shayi ne. Muryata ta hito wata iri kamar ta ɗan akuya. Na ce Baba kwalbar gyaɗa ce, shayi ne da abarba da na'a-na'a. Kuma da an bar ni da Alhaji mu biyu wataƙila da magana ta mutu nan, don idonshi dama bai gani sosai, abin da ya kawo shi ke nan. Amma ina. Mai tsani ya miƙa hannu ya ɗauki kwalba, ya ciro tabarau daga aljihu, ya ɗaga ta sama wajen haske, ya fara karatu. Alhaji wannan ta Sikotlan ce. Ka ga nan, karant pursan, wato kashi 40 cikin ɗari. Da sha'ir ake yin ta, kuma dokarsu can sai ta kwana shekara 3 cikin gangar itace kahin a kira ta da wanga suna, mai baƙar takardar nan ma shekara 12 take yi, ita ta hi tsada. Shina faɗi shina kaɗa kai kamar mai fassara wa'azi.

Wa ya tambaye shi? Don Allah ku gaya mani wa ya tambaye shi. Kuma wani abin da ban tuna ba sai da dare ina kwance, shi ina ya san duk wannan? Mutumin da ke sahun gaba kullum asuba. Da na tuna a lokacin da na jefa mashi tambayar gaban Alhaji, amma ni kullum maganar kirki sai an watse take zo mani.

Abin da ya zo mani lokacin shi ne in buɗe su shinshina da kansu. Na amshe kwalbar daga hannunshi, na ji ta da ɗumi kamar an sauke daga wuta, nan ya kamata jikina ya ba ni, bai ba ni ba. Mai tsani ya riga ya jijjiga ta wajen karatunshi. Na matso kusa da Alhaji da gwiwoyina don ya ji ƙamshin da kyau, na ce Baba bismilla ji da kanka, na murɗa marhi.

Fuuuuu.

Marhin ban san inda ya bi ba, daga baya cikin kwandon kaji anka tsince shi. Kumfa ta yi tsiri ta yi sama ta dawo, gaban rigar Alhaji tun daga wuya har cinya, hula, gemu, tabarau, ga guntun ɓawon abarba guda ya zo ya zauna bisa aljihun gaba daidai wurin aikin zare kamar an ɗinka shi nan. Ni kuma maimakon in kauda kwalbar sai na toshe bakin da babban yatsa, wanda duk ya taɓa wasa da tiyo ya san abin da hakan ke yi. Ta gefe ta hito, ta sake samun Alhaji a kunne. Ɗiyata na tsalle tana tafi tana cewa Baba ƙara, Baba ƙara.

Sannan warin ya taso. Ba na'a-na'a, ba kanumfari. Wani tsami-tsami mai hawa kai, irin wanda in ka bi ta wasu lunguna da dare kake toshe hanci kana a'uzubillahi.

Ba wanda ya yi magana. Kumfa na ɗiga daga gemun Alhaji ɗis, ɗis, bisa darduma. Ya cire tabarau ya goge da gefen rigar da ya rage busasshe, ya ɗaga hannun riga ya shinshina, a hankali, sau biyu. Sai lokacin ya dube ni, shekara takwas bai taɓa dubana ido cikin ido ba sai ranar, ya ce yaro, wanga shi ne shayin?

Na buɗe baki ba abin da ya hito. Sai mai tsani ya gyara zama, wai zai cece ni. Ya ce a'a Alhaji, a yi mashi adalci, wanga ba wiski ba ne, wiski bai kumfa. Wanga haɗin gida ne, da hannunshi ya yi.

Kun ji ceto. Da ina mai saye, yanzu na koma mai dafawa.

Alhaji ya ce a ba shi buta da wata riga, magariba ta kusa. Madam ta hito da gudu ta ga ubanta, ta dube ni, kallon nan ba zan iya rubuta shi ba. Jallabiyata anka ba shi, ta tsaya mashi a ƙwauri, da ita ya tahi masallacin unguwa, ni ina bin shi a baya da tazara kamar wanda za a kai kotu, mai tsani na gefenshi shina ci gaba da bayani.

Da dare ƙanen Madam, ɗan jami'ar Abdou Moumouni ɗin nan, ya ƙetaro daga Harobanda gaida Baba, anka ba shi labari ya yi dariya har da riƙe katanga. Shi ya warware mani abin da ya faru. Wai jikin ɓawon abarba akwai yis na Allah da Annabi, ɗan uwan wanda ake sa ma fanke ya tashi, in ya samu sukari da ɗumi sai ya ci sukarin ya hidda iska da giya, ni kuma na ba shi sukari kofi guda, Madam ta ba shi mangaza kwana 3, na kuma murɗe marhi iskar ba ta da hanyar hita. Har ya ce a Meziko da gangan suke jiƙa ɓawon abarba haka kwana biyu uku su sha. Na ce to ka je ka gaya ma Baba haka. Ya je. Ina jin shi daga ɗaki shina cewa Baba ai giyar da ke ciki ƴar kaɗan ce. Ƴar kaɗan. Yaron nan ni ke biya mashi kuɗin taksi.

Shadda ta tahi wajen wanki da bugu, jika biyu, ta dawo da wata inuwa ruwan ƙasa a ƙirji, shayi bai hita daga farin yadi ashe. Alhaji ya kwana huɗu bai sake tada maganar ba, ko sau guda, wanda ni da ya zage ni ya hi mani sauƙi. Ranar komawa na kai shi tasha, Madam ta haɗa mashi tsaraba har da gyaɗa, ya leƙa jakar ya ce ma ɗiyarshi, ba ni ba, a juye mashi ita cikin leda.

Ku kuma na ji sunan da kunka sa mani a fada, barman ko, ba komai, na san wanda ya fara. Abarba ta biyu na nan na saye, wannan karon ɓawon akuya za ta ci, amma ba zan kawo maku ba.

Wanda ke da tsani mai tsawo don Allah ya ara mani ranar asabar, marhin tankin ruwa zan duba.