Wutar da ke raya ciyawar Kansas

Duk shekara, daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, masu shanu a tuddan Flint Hills na jihar Kansas a Amurka sukan cinna wa wuraren kiwonsu wuta da gangan. Hayaƙi ya turnuƙe har birnin Wichita, mutanen gari su yi ta ƙorafi. Ƙorafinsu na da hujja, musamman masu fama da asma, amma ni ina bayan masu wutar.

Irin doguwar ciyawar da ke wuraren kiwon nan ta taɓa rufe eka wajen miliyan 170 a Arewacin Amurka. Yau abin da ya saura bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, kuma mafi yawansa a tuddan nan yake. Duwatsun ƙyastu da ke kwance dab da saman ƙasa ne suka hana garma shiga, manoma suka haƙura suka bar wa shanu wurin.

Babbar ciyawar yankin, wadda suke kira big bluestem, dangin gamba ce, gambar da muke saƙa zana da ita. Da kaka takan fi tsayin mutum, amma ƙarfinta a ƙarƙashin ƙasa yake, don saiwarta na nutsewa fiye da mita biyu. Shi ya sa wuta ba ta kashe ta. Busasshen ganyen bara kawai take cinyewa, rana ta samu ta taɓa ƙasa, cikin 'yan makonni toho ya ɓullo kore shar a kan baƙin toka. Inda aka daina ƙuna kuwa, itatuwa ke mamayewa sannu a hankali har fili ya zama kurmi.

Mai son gani da idonsa ya je gandun Tallgrass Prairie kusa da garin Strong City, wanda aka kafa a 1996 a kan eka wajen 11,000. Ba a biyan kuɗin shiga. Mutum ya yi ta tafiya a ƙafa, ba ya jin komai sai iska a cikin ciyawa, ya hango garken ɓaunar Amurka, wato bison, da aka fara da guda 13 a 2009.

Inda na rabu da wasu masu shanun shi ne ƙona kowane fili kowace shekara. Hakan na hana kajin daji wurin ɓoye ƙwansu. A gandun, kashi-kashi ake yi: a ƙona wannan gefe bana, wancan baɗi, ɓauna su bi sabon toho, tsuntsaye su yi sheƙa a tsohuwar ciyawa.