Ta'min ɗin Kawu

Ni fa da na ɗauka ta'min, wato inshorar mota, kamar safaya taya yake, in ka sayi mota yana cikin but sai ka wuce da abinka. Kawuna da ke Hindawiyya a nan Jidda ne ya sayar min da tsohuwar Camry ɗinsa, na ƙirga masa kuɗi a falo, aka shafa fatiha, aka ci shinkafar kabsa, ya miƙo min makulli da istimara, wato takardar rajistar mota, ya ce "ɗan nan ta'min ɗinta da saura wata bakwai, na bar maka kyauta." Har da durƙusawa na yi wajen godiya.

Maganar canja suna kuwa na ce sai an kwana biyu, don na ji ance Abshir, manhajar gwamnatin Saudiyya, ba zai juya motar zuwa sunanka ba sai ka yanki ta'min naka na kanka, fahas, wato takardar gwajin lafiyar mota, yana da rai, kuma an biya duk wata mukhalafa, wato tarar laifin hanya, da ke kanta. To ni da aka ba wata bakwai kyauta me zai kai ni.

Sati biyu ba a yi ba Kawu ya fara kira. Ashe duk inda kyamarar Sahir mai kama masu laifin hanya ta haska ni wayarsa saƙon ke faɗawa, tunda a takarda motar tasa ce. Mutum na zaune a masallaci yana lazimi sai ga saƙo wai ya yi gudu a hanyar Makka. "Kai yaro, jirgi na sayar maka?" Na ce Kawu a yi haƙuri, tsautsayi ne.

Tsautsayin na gaske yana gaba. Ran nan a titin Falasɗinu danja ta tsayar da mu, ni kuma hankalina na kan voice ɗin da uwargida ta turo kan a taho da burodin tamis, sai ji kake ƙuuum, na daki bayan motar wani ɗan Yaman. Aka kira Najm, kamfanin da ke duba haɗarin mota, ma'aikacin ya zo ya ɗau hotuna, bai ko wahalar da kansa ba ya rubuta min laifi ɗari bisa ɗari. Ya duba na'urarsa ya ce kai ne mai motar? Na ce eh. Ya ce to nan an rubuta an haife ka tun kafin a haifi babana. Na ce wato, ni ne mai ita amma ba ni ba ne.

Shi ɗan Yaman ko a jikinsa, shayinsa ma yake sha. Hakkinsa bai shafi cinikinmu na falo ba, motar da ta buge shi tana da ta'min mai rai, aka ƙiyasta ɓarnar kamfanin ya biya shi. Ni ma na gyara tsayuwa ina jiran nawa, sai aka ce ai ta'min ɗin diddal gair ne, wanda ka buga kawai yake gyara wa, gaban motarka kai da aljihunka. Bamba, fitila, lagireto, duk ni.

Da na ga uwar bari na yanki nawa ta'min, aka juya suna. A nan ne Kawu ya ji daga bakin wani abokinsa cewa in mota ta bar hannunka kana iya soke ta'min a maido maka kuɗin watannin da suka rage. Kyautar da aka ba ni da fatiha fa! Ya saka babbar riga ya tafi karɓa, aka ce masa abin da aka biya ɗan Yaman ya fi ragowar kuɗin, babu ko halala, kuma rangwamen da ake masa na rashin haɗari shi ma ya taɓu.

Jiya da daddare ya aiko ƙaramin ɗansa da takarda, lissafi ne da jan biro: tarar Sahir uku, wata biyar na ta'min, kuɗin tasi zuwa kamfani da dawowa. Can ƙasa ya ƙara layi ɗaya, kabsa.