Mushe, Goni da San da ke Cikin Sambo

Ranar Alhamis da la'asar, kasuwar Dole ta Damagaram ta fara watsewa, Mushe, wato malamin lakwal ko makarantar boko, yana zaune a teburin mai shayi a unguwar Zango tare da Goni, wanda almajiransa ke hutu. Bana Mushe ya fito daga makarantar horon malamai, kuma har yanzu karatun bai huce masa ba. Sai ga Jauro da sanda a kafaɗa.

Jauro: Salamu alaikum. Kai ne Mushen da ke karantar da ɗana Sambo? Kwana uku ke nan da gari ya waye sai ya riƙe ciki yana murƙususu, amma da zarar lokacin lakwal ya wuce sai ya miƙe, ya shanye ƙwaryar fura, ya bi shanu.

Mushe: Baffa, zauna, domin wannan ciwo ba a hanji yake ba. Wani likita mai suna Sigmund Freud, wanda aka haifa a 1856, ya yi aikinsa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya rasu a Landan a 1939, ya ce mafi yawan abin da ke juya ɗan Adam yana ɓoye a can ƙasan zuciya inda mai ita ma ba ya gani, kuma abin da aka danne ba ya mutuwa, sai dai ya ɓullo ta wata kafa, har ta ciwon ciki.

Jauro: Furar wa ka ce?

Goni: Fillo, sunan Bature aka faɗa maka. Kai komai ka ji sai ka kai shi bakin ƙwarya.

Mushe: A shekarar 1923 ya raba halin mutum gida uku. Na farko da Faransanci ana ce masa ça, a faɗe shi kamar a ce sa.

Jauro: Sa? A cikin Sambo? Baƙi ne ko ja, kuma shekarunsa nawa?

Mushe: Suna ne kawai, Baffa. Shi ne sha'awar da ake haihuwar jariri da ita, wadda ba ta san haƙuri ba, ba ta san kunya ba, abin da take so yanzu take son sa. Na biyu shi ne moi, wato hankalin da ke duba abin da zai yiwu kafin ya miƙa hannu. Na uku shi ne surmoi, wato muryar iyaye da ke shiga zuciyar yaro ta zauna tun yana wajen shekara 5, ta riƙa yi masa faɗa ko da ba kowa a wurin. Freud da kansa ya kwatanta na farko da doki, na biyu da mahayi, ya ce sau da yawa mahayin yakan kai dokin inda dokin ne ya ga damar zuwa.

Jauro: Ɗazu sa ne, yanzu ya koma doki. Mushe, ka tsaya a kan dabba ɗaya, in san irin harawar da zan nema.

Goni: Ni na gane. A hawan salla na ga mahayin da dokinsa ya kwasa da shi zuwa rumfar mai dusa, shi kuwa yana ɗaga wa jama'a hannu kamar da niyya ya je. Na ukun kuma dogarin Sarkin Damagaram ne da bulalarsa. Sai dai Baturen nan ya makara, domin tun kafin a haifi kakansa muke karanta nafsul ammara mai umurni da ɓarna, da nafsul lawwama mai zargin kanta. Ina ya bar muɗma'inna, rai mai natsuwa?

Mushe: Allah gafarta Malam, ita kam bai kawo ta ba.

Goni: Ina zai gan ta, mutumin da ba ya sauraron kowa sai marasa lafiya kwance a kan doguwar kujera?

Mushe: Masana da yawa sun soke shi a kan haka, sun ce maganganunsa suna da wuyar gwadawa. Amma malamin aji yana da abin ɗauka. In aka sakar wa yaro linzami ya lalace, in aka ja da ƙarfi ya zama matsoraci, saboda haka aikinmu shi ne mu juya ƙarfin zuwa abin kirki. Yaro mai son faɗa a kai shi filin kokowa, wataƙila wata rana ya ɗauko wa Damagaram takobi.

Jauro: Sambo ba ya faɗa. Ni ciwon ciki na kawo maka.

Mushe: To ga bayaninsa. Yaro yakan kwaso tsoron da yake yi wa mahaifinsa ya ɗora wa malaminsa ba tare da ya sani ba. In Sambo ya dube ni, fuskarka yake gani, da wannan sanda taka. Tushen ciwon yana rugarku.

Jauro: Wannan sanda ta shanu ce, tun da aka haifi Sambo ba ta taɓa jikinsa ba. Shi ya ce ranar Litinin ka yi masa bulala biyar saboda ya ɗiga tawada a littafi.

Goni: Mushe, shayinka zai huce. Litinin ɗin nan, ba ita ce ranar da na ji darakta yana yi maka tsawa har daga bakin titi ba?

Mushe: Sufeto ne ya zo ya yi wa darakta faɗa, shi kuma ya same ni na makara da minti goma kacal, ga albashi bai shigo ba, ga uwargida ta tashe ni da maganar kuɗin cefane.

Goni: Wannan kuma me Baturen ya kira shi?

Mushe: 'Yarsa Anna, wadda ita ma ta koyar a firamare, ta yi bayaninsa a 1936 cikin dabarun da zuciya ke kare kanta da su. Ana ce masa sauya wa fushi wuri. Mutum ya kasa rama wa wanda ya fi ƙarfinsa, sai ya huce a kan wanda bai kai shi ƙarfi ba.

Goni: Mu a nan cewa muke yi an huce haushin kaza a kan dami, kuma ba mu je Biyana ba. Ashe san yana cikin Mushe.

Mushe: Ai shi ya sa Freud ya ce a 1937 sana'o'i uku ba su yiwuwa yadda ake so, wato mulki da tarbiyya da irin jinyar da yake yi.

Jauro: Bari in ƙarasa muku lissafin. Sambo ya dawo gida ya harbi akuya, akuya ta yi tsalle ta ɓarar da ƙwaryar nonon da uwarsa za ta kawo kasuwa, uwarsa ta hana ni fura kwana uku. Yanzu fushin ya iso kaina, kuma ga shi na taso da shi tun daga ruga. Mushe ma'aikacin gwamnati ne, ya fi ƙarfina. Mai shayi kuwa yana bi na bashi.

Goni: Me ya sa kake kallona, Fillo?

Jauro: Babarbare bawan Bafulatani ne tun kaka da kakanni, kuma Bature ya ce a nemi wanda aka fi ƙarfi. Gyara rawaninka.

Goni ya naɗe buzunsa, ya dubi rana, ya ce alwalarsa ta karye. Mai shayi ya bi shi da kira yana cewa ba a biya kofi biyu ba, sannan ya juya ya daka wa yaron da ke wanke masa kofuna tsawa.