Cross Road na Bon Jovi: faifan da ke jin kunyar gashinsa

Duk wanda ya ce min Cross Road, tarin fitattun waƙoƙin Bon Jovi, ƙungiyar mawaƙan rock ta Amurka, shi ne Bon Jovi a cike, to ban yarda ba. Faifai ne mai kyau, babu musu, amma faifai ne na mutanen da suka fara jin kunyar ƙuruciyarsu.

Ku duba lokacin da ya fito: Oktoban 1994. Shekara uku ke nan da ƙungiyar Nirvana ta fito daga yankin Seattle da kiɗa mai ƙunci da tufafi na yau da kullum, kasuwar masu gashi buzu-buzu da wandon fata matsattse ta rushe. Ƙungiyoyin hair metal, wato rock na masu gashin nan, da suka cika tashar talabijin ta MTV a ƙarshen shekarun 1980 sun zama abin zolaya. Jon Bon Jovi, jagoran mawaƙan ƙungiyar, ya hango hadarin tun da wuri, ya rage gashinsa a 1992 lokacin faifansu Keep the Faith. To wannan tarin waƙoƙi ci gaban askin nan ne.

Inda faifan ya yi zarra shi ne inda bai ɓoye komai ba. Livin' on a Prayer ce ta buɗe shi, kuma ta cancanta. Labarin Tommy ne, ma'aikacin tashar jiragen ruwa da yajin aiki ya zaunar, da Gina mai aiki a gidan abinci. Richie Sambora, makaɗin jitar ƙungiyar, na sarrafa sautin jitarsa da wani bututu a baki, sautin ya riƙa fita kamar gurnani, sannan daf da ƙarshe a ɗaga amshin sama har makogwaro ya kusa tsagewa. Wannan ɗagawar kaɗai ta isa dalilin sayen faifan. Ga You Give Love a Bad Name, ga Bad Medicine, dukkansu sun hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, dukkansu kuma da hannun marubucin waƙoƙi Desmond Child a rubutunsu. Mutumin nan ya san yadda ake ɗinka amshin da filin wasa guda zai ɗauka baki ɗaya. Wanted Dead or Alive ma tana nan da kwarjininta. Waƙoƙin 1986 zuwa 1988 ke nan, kuma su ne ƙashin bayan faifan.

Sai mu zo inda aka yi ɓarna. A bugun Amurka an sa wata wai ita Prayer '94, wato an sake rera Livin' on a Prayer a hankali, an zare mata ƙarfi, an bar ta tana jan ƙafa. Don Allah wa ya roƙa? Tuwo ne aka dama shi ya koma kunu, aka ce a ci da miya. Kuma duk da an sami gurbin wannan, ba a sami gurbin Born to Be My Baby ba, waƙar da ta kai lamba uku a Amurka. A tarin da ake kira na fitattun waƙoƙi! Blaze of Glory kuwa, mai daɗi ce, amma ta Jon ce shi kaɗai, ya yi ta ne don fim ɗin Young Guns II a 1990. Faifansu na 1985 ɗungurungum waƙa ɗaya tak aka tsakuro daga cikinsa, In and Out of Love, kamar don kar a ce an manta.

Na san masoya Always za su taso min. Eh, sabuwa ce a faifan, ta kai lamba huɗu a Amurka, ita ce ta ja masu saye har Cross Road ya fi kowane faifai kasuwa a Birtaniya a shekarar. Lissafin kuɗi ya fita. Amma haɗa ta da Bed of Roses da I'll Be There for You, sai kuka ya yi yawa a gidan da aka san shi da ihu. Wanda ya fara sanin Bon Jovi ta wannan faifai zai ɗauka mawaƙan begen masoyi ne masu ɗan taɓa jita.

Mai son jin su da gashinsu da hayaniyarsu, ya nemi fayafayansu Slippery When Wet da New Jersey, ya saurare su daga farko har ƙarshe. Cross Road kuwa a bar shi a mota, kuma yatsa ya zauna kusa da madannin tsallakewa.