Ba a shiga barkwanci da raini

Akwai wani jarumin fim a cikinmu nan Legas, ba za mu kama suna ba, mai abu ya san abinsa. Ya yi shekaru yana fitowa a alhajin gida ko uban da aka ci amanarsa, kuma wallahi ya iya, in ya zubar da hawaye a sin sai matan Agege sun share nasu. Shi ne a da in aka ambaci 'yan camama a gabansa yake yatsine fuska ya ce ba ya wasan yara. Yanzu kasuwa ta juya, furodusoshin Surulere da Lekki barkwanci suke nema, sai ga shi ya ɗaure wando a ƙirji, ya karkata hula, yana zare ido yana ihu a gaban kyamara. Shigarsa barkwanci ba laifi ba ne. Abin da ke mana ciwo shi ne ya shigo da rainin da ya daɗe yana yi wa sana'ar, kuma rainin na fitowa ƙarara a kowane sin.

Manya sun bi hanyar nan kafin shi. Marigayi Sam Loco Efe shi ya ja wasan dandamalin da Najeriya ta gabatar a FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, na 1977 a garin nan, daga baya ya zama cikin waɗanda suka fi ba mutane dariya a finafinan kudu har rasuwarsa a 2011. Marigayi Kasimu Yero ya yi wasa mai nauyi da Turanci a talabijin na ƙasa, ya kuma yi na ban dariya da Hausa. Duk cikinsu ba wanda ya ajiye natsuwarsa a ƙofar lokeshin don an ce yau barkwanci za a yi.

Malam, ga inda ka fara ɓata. Mutumin da kake fitowa a matsayinsa bai san shi abin dariya ba ne. A ce ya je gaida surukai, ya durƙusa, wandonsa ya yage ta baya. Shi a wurinsa masifa ce ta sauka. Zai ci gaba da gaisuwa da murya a daidaice, yana tambayar gajiya da iyali, hannu ɗaya na jan rigarsa ƙasa a hankali, gumi na tsattsafo masa, in an sallame shi ya fita da baya da baya yana ta godiya. Ƙoƙarin rufa wa kansa asiri shi ke kashe mai kallo da dariya, kuma irin wannan wasan kai ka fi kowa iyawa. Amma sai ka daka tsalle, ka dafe wurin, ka ƙwala ihu, har da satar kallon kyamara. Ka riga mai kallo yin dariyar, me ka bar masa?

Sai lokaci. A wasa mai ban tausayi kana iya yin shiru na daƙiƙa uku ko huɗu kafin ka amsa, shirun ya ƙara wa magana nauyi. A barkwanci wannan shirun gawa ce. Talabijin ɗinmu firem 25, wato hotuna 25 a jere, yake nunawa a daƙiƙa guda, kuma sau da yawa tsakanin amsar da ta ba da dariya da wadda ta faɗi ƙasa bai wuce firem goma sha biyu ba, wato kusan rabin daƙiƙa. Kalmar da ke ɗauke da dariyar a ƙarshen magana ake ajiye ta, in ta fita a rufe baki, ba a ƙara "ka gane ai" a bayanta. In abokin wasanka ne ke da maganar, ka daskare, kada ka gyara hula, kada ka sosa gemu, domin idon mai kallo motsi yake bi. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, da irin wannan lissafin ya riƙe kasuwa shekara da shekaru, ku kuna ce masa wasan yara.

Kuma ka daina matsa wa darakta sai an kawo kyamara kan fuskarka. Hawaye ne ke son kusa. Faɗuwa da tsere da ɓarin miya suna son a ja baya, a ga mutum daga hula har takalmi, a ga abin da zai yi tuntuɓe da shi tun kafin ya iso, a ɗauka a tafi ɗaya ba yanka. In edita ya haɗa faɗuwa daga guntaye uku, ido ya gane dabara ce, dariya ta tafi. Ita kanta faɗuwar koyonta ake yi: a shimfiɗa katifa inda kyamara ba ta gani, a ɗaura soso a gwiwa da gwiwar hannu ƙarƙashin kaya, a sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, a sauka a kan cinya da gefen jiki. Mai tare ƙasa da tafin hannu shi ke tashi da targaɗe ko karaya. Mari kuwa, hannu wucewa yake kamar taƙi guda daga kunci, kyamara na bayan ɗayansu, wanda aka mara ya juya kai a kan lokaci, a sa ƙarar wurin editin. Yaron da kake wanka wa marin gaske don kai babba ne, ba zai iya ce maka komai ba, amma haƙƙinsa na kanka.

Duk wannan sai da gwaji, kai kuwa ba ka zuwa gwaji. Ka iso bayan azahar ka ce cunkoso ne a gadar Third Mainland, alhali gidan da ake shutin kuɗin yini aka biya, kuma kafin bakwai na yamma haske ya tafi. Mai sauti ya saita makirufon ƙirjinka a kan magana, ga janareton maƙwabta yana fama da shi, sai ka ɓarke da ihun da ba a yi shiri da shi ba, muryar ta fashe, kuma sautin da ya fashe da wuya ya gyaru sarai a kwamfuta. Sin ɗin watsa ruwa yana buƙatar kaya iri ɗaya aƙalla kala uku, ka ɓata biyu da dariya a tsakiyar ɗauka. Kafin a kai ɗauka ta shida abokan wasanka sun gaji, abin ya zama lami.

Wanda ya fi ƙona mana rai shi ne rol ɗin mai gadi. Ka karɓa, ka saɓa rediyo a kafaɗa, ka cika baki da goro, kana karya Turancin da kowa ya san ka iya shi tsaf, ana kiranka "aboki" kana washe baki. 'Ya'yanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende su ke shiga aji washegari a kwaikwayi muryar nan a gabansu. Gadi sana'a ce, kuma mai gadi na iya ba da dariya da wayonsa, shi ne fa ya san wanda ya shigo da wanda ya fita da ƙarfe nawa. In furodusa ya sake kawo maka irin wannan, ɗan'uwa, ka ce a ba mutumin suna, a faɗi garinsu, a rubuta masa sin ko ɗaya ne da zai ɗaure maigidan da hujja. Kai za a saurare ka in ka faɗa, yaran da ke bayanka in suka buɗe baki canza su ake yi.